Makoki Babu Gawa

"Na gaya maka, ɗan'uwa, a nan garin Kitwe ba a rera waƙar makoki babu gawa," in ji mai gidan wasan. "Kiran mutuwa ne. Wa zai zo?"

"Wata uku ka yi mini alkawari."

"Kujeru kawai kake yi wa waƙa, ba masu kallo. Yau ne ƙarshe."

Wasan da mai shiryawar yake nunawa duk waƙoƙin binne mamaci ne, ana rerawa kewaye da akwatin da ba kowa a ciki.

Da aka tashi, wata tsohuwa da ba ta taɓa fashin zuwa kallo ba ta riƙe hannun mai shirya wasan. Bara ramin haƙar tagulla ya rufta da ɗanta, ba a fito da shi ba.

"Yarona, gobe ƙarfe nawa za mu ci gaba da makokinsa?"