Tagar da Na Fasa

Tun da teku ta ci kudancin Ingila, ake kwaso tsofaffin gidajensu, kowane dutse da lambarsa, a sake gina su a Jos. Har yau bangonsu warin gishiri yake yi. Doka ɗaya ce: bulo ɗaya ya bar wurinsa, a cire gidan daga jerin kayan tarihi.

Shekara hamsin ina gini, ban taɓa barin taga a toshe ba. Ɗaya daga cikin gidajen yana da guda a bene, cike da jan bulo. Na ɗauka aikin malalacin magini ne, na fasa ta.

Yau 'yata Tasalla, mai kula da gidan, ta kai ni gaban mai duba gidajen tarihi, wata tsohuwar Baturiya da aka haifa a cikinsa.

"Baba, shekara ɗari uku tagar nan a toshe take. Da gangan aka yi," in ji Tasalla.

"Sai a mayar," na ce.

"Baturiyar ta ce in da bulon asali ne, za ta ɗaga mana ƙafa. In babu, aikina ya tafi. Ina suke?"

Na sunkuyar da kai. Uwar Tasalla na ba, ta yi murhu da su. Mako uku ke nan ana tuƙa tuwo a kansu.