Birkin Bayan Motar Darlene

Ƙas! Ƙarar ta fito daga cikin birkin baya, nan take Orville ya san abin da ya fashe.

Shekara arba'in ya yi yana kanikanci a Saginaw, kullum da ƙarfen matsi yake mayar da fistin birki, wato abin da ke danna birkin. Amma birkin hannun motar 'yarsa Darlene na lantarki ne. Sai an umarci kwamfutar motar ta saki ɗan injin da ke ciki kafin a matsa. An taɓa gaya masa, ya manta.

Shi ya roƙe ta ta kawo motar, domin ta gani da idonta cewa bai kai ga gidan tsofaffi ba tukuna.

Ta leƙo gareji tana dariya. "Tsoho, gyara kake ko yanka?"

"Na karya shi, 'yata."

"Haba Baba, ba komai. Mai jan mota zai zo da ƙarfe uku."

Ya daɗe yana duban hannuwansa. "Yaushe kika kira shi?"

Dariyar ta ɗauke. Ta sunkuyar da kai.

"Tun ranar da ka ce in kawo motar."