Kunyar Ɗan Manomi

Ɗazu na ga ka karɓe bokiti daga hannun yaronka wai kada ya gaji, alhali yaron nan ya kusa kamo ka tsawo. Matso in ba ka wani misali, in ya so ka yi yadda ka ga dama da shi.

An yi wani manomi da ya binne 'ya'ya uku tun suna goye, sai na huɗun ya tsaya, namiji. To, ka san wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mutumin nan ya tattara tsoron duniya ya ɗora a kan yaron. Ba zuwa rafi kada ruwa ya ci shi, ba hawa bishiya kada ya karye, gona kuwa ko hanyarta, don akwai rana, akwai ƙaya, akwai kunama. Da sassafe uban zai saɓi fartanya ya fita, ya bar ƙato a zaure da kwanon fura a gefe. A faɗi gaskiya, yaron ba malalaci ba ne. In ya ji gangar noma sai ya leƙa ta katanga, ya ga sa'anninsa suna wucewa gayya, wato taron taya juna noma, ya roƙa a bar shi ya bi su, uban ya ce sai baɗi. Baɗi ta zo, ya sake cewa baɗi. Har yaron ya daina roƙo, sa'annin suka daina kiransa, suka laƙaba masa suna Ƙwai. Dattawan gari sun yi magana har sun gaji, uban ya ce ai ba su san zafin haƙa wa ɗa kabari ba.

Ana nan sai saurayin ya ga wata yarinya a unguwar gabas, ita ma ta nuna tana so. Al'adar garin kuwa, mai neman aure sai ya kai gayya gonar uban yarinya, kuma shi zai kama kunyar farko, in ya gama a san irin mijin da za a ba 'ya. Ita gayya biki ce, wanda ka je wa shi ke zo maka. Da ranar ta zo, samarin da suka fito 'yan tsiraru ne, su ma kallo ya kawo su. Lokacin noman firi ne, wato noman farko, gero bai wuce taƙi ba, ganyensa da na ciyawa sai wanda ya sani. Makaɗi ya saki ganga, ya yi wa saurayi kirari da sunan ubansa, manomin da ba a taɓa wuce shi a kunya ba. Yaro ya duƙa da zuciya ɗaya yana sara, gumi na tsiyaya, tafin hannunsa ya ɗuri ruwa ya fashe, amma bai ɗago ba, don ya san yarinyar tana bakin gona da ƙwaryar kunu. Sai da ya kai ƙarshen kunyar ya miƙe yana haki, yana jiran guɗa. A nan ya lura ganga ta daɗe da yin shiru. Ya waiga ya ga ya nome geron tas, ya bar ciyawa a tsaye reras, har da tara mata ƙasa a gindi.

Da an yi masa dariya da ta fi sauƙi, amma kowa sunkuyar da kai ya yi. Uban yarinya ya bi kunyar a hankali, ya tsinci geron da aka sare, ya miƙa wa uban saurayin, wanda ke tsaye a bakin gona, ya ce, "Malam, wanda bai san gero a gona ba, da me zai cika rumbu? 'Yata dai ba ta iya cin ciyawa ba." Yarinyar ta ajiye ƙwaryar, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kama hanyar gida. Uban saurayin ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya roƙi iri, ya durƙusa shi kaɗai yana sake shuka kunyar da ɗansa ya ɓata, a gaban yaran da ya haifi kamarsu. A kan hanyar komawa, ɗan nan da bai taɓa ɗaga ido ya dubi ubansa ba ya ce masa, "Baba, kunamar da kake guje mini, da ta harbe ni da yanzu na warke." Kaka na yi aka ba da yarinyar ga wani, saurayin kuwa sunansa ya tashi daga Ƙwai ya koma Mai-noman-ciyawa, ya bi shi har furfura. Uban ya raya ɗansa, wannan gaskiya ne, amma ya hana shi kunyar gona ya gadar masa da wadda ba a nomewa, kuma har ya mutu zagaye yake yi don kada ya bi ta bakin gonar nan.

To, tashi ka mayar wa yaro da bokitinsa tun ruwan bai fi ƙarfinsa ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, ka ƙi naka duniya ta so shi, ka so naka duniya ta ƙi shi.