Birkin Da Lamine Bai Gyara Ba

Tun farkon shekara Lamine ya ƙudurta cewa motar da zai saya nan gaba mai amfani da lantarki ce. Mutumin Maraɗi ne, yana aiki a wani babban sito a birnin Greensboro, can ƙasar waje. Matarsa Fassouma tana kula da tsofaffi a wani gida wajen unguwar Sedgefield. Mota ɗaya gare su, ta kuma tsufa. Ita take ɗauka da safe ta sauke 'yarsu Nadia a makaranta ta wuce aiki, shi kuma abokin aikinsa ya rage masa hanya.

Abin da ya ja hankalin Lamine shi ne rangwamen harajin da gwamnati ke yi wa masu sayen irin wannan mota. Sai dai maganar ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Yau a ce za a soke shi, gobe a ce yana nan. Kullum idon Lamine na kan waya, yana bin zauren WhatsApp na 'yan gida, inda kowa masani ne.

Sun je wurin wani dilan motoci a titin Gate City Boulevard, suka ga wata shuɗiya da ta kwanta wa Fassouma a rai.

"Baban Nadia, mu ɗauka mana tunda rangwamen yana nan," in ji ta.

"Bon, ki ƙara haƙuri. Ana cewa in an tabbatar za a soke shi, dilolin za su karya farashi. Sai mu ci biyu."

Ana cikin wannan jira birkin tsohuwar motar ya fara kuka. Fassouma ta ce sai ta taka har ƙasa kafin ta tsaya. Lamine ya kai ta garejin Ma'aruf, wani bakanike ɗan Kano. Ma'aruf ya duba ya ce, "Gaskiya birkin nan ya gama. A canza shi yau, kar a bari."

Lamine ya ji kuɗin gyaran, ya girgiza kai. "Motar da zan rabu da ita kwanan nan? In gyara wa wani ya mora?"

Da ya koma gida Fassouma ta tambaye shi yadda aka yi. Bai kalle ta ba ya ce, "Ya duba, ya ce za ta kai mu. Ki dai riƙa tafiya a hankali."

Daga baya aka sanar cewa rangwamen zai ƙare a ƙarshen Satumba. Mutane suka yi ta rububin saye. Lamine ya ce shi sai makon ƙarshe, lokacin da dila zai matsu.

Wata safiya ana ruwan sama, Fassouma ta doshi danja a Gate City Boulevard, wuta ta nuna ja. Ta taka birki, motar ba ta tsaya ba. Ta shige tsakiyar mahaɗa, wata babbar motar kaya ta buge ta ta ɓangaren direba.

Nadia tana baya da bel a ɗaure, gilashi ne ya yanke ta a goshi. Fassouma kuwa ƙugunta da ƙafarta suka karye. Likitoci suka ce za ta yi tafiya, amma da sanda, aikin ɗaga tsofaffi kuma ya ƙare mata.

Mutane suka yi ta zuwa asibiti dubiya, kowa yana cewa ƙaddara ce. Lamine yana amsawa da kai, abinci ma ya gagare shi.

Ran da Ma'aruf ya zo, Fassouma ta yi ƙarfin halin murmushi ta ce, "Malam Ma'aruf, kar ka sa wa ranka damuwa. Ka duba motar ka ga lafiya, abin da Allah ya rubuta ne kawai."

Ma'aruf ya juya ya dubi Lamine, ya yi addu'ar samun sauƙi, ya fita.

Fassouma ta lura. "Me ya sa ya kalle ka haka?"

Lamine ya durƙusa gefen gadon. "Cewa ya yi a canza birkin a ranar. Ni na ƙi. Ƙarya na yi miki."

Ta kalli sama. Da ta buɗe baki, sunansa ta kira kai tsaye, abin da ba ta saba ba.

"Lamine, da ka faɗa mini gaskiya, da bas zan riƙa shiga. Ba zan yi maka gori ba. Amma Nadia fa tana baya kullum."

Ta juya fuskarta bango.

Satumba ya wuce da rangwamensa, Lamine bai ma san ranar da ya ƙare ba. Yanzu shi ke riƙe Fassouma zuwa wurin gashin ƙashi, yana jin numfashinta duk lokacin da ta taka ƙafar. Ta ce ta yafe masa, ya kuma san da gaske take. Amma ran da abokinsa ya zo kai su asibiti, Nadia ta ƙanƙame ƙofar gida tana cewa, "Daddy, no, I don't want the car," wato ba ta son shiga mota. Lamine ya koma ciki ya zauna ya rufe fuskarsa, ya kasa fitowa.

Jama'a, neman sauƙi ba laifi ba ne, amma rangwamen gwamnati yana zuwa yana tafiya, ba a jingina lafiyar iyali da shi. Abin da zai iya cutar da rai a gyara shi yau, kuma kada mu ɓoye wa iyalanmu haɗarin da muka sani.