Wasiƙar Legas

Adunni ta warware wasiƙar da mahaifinta ya miƙo mata. Ƙungiyar ƙwallon mata ta Legas ta ɗauke ta!

Ta dubi mahaifin nata, Baba Lateef, tsohon telan Funtua da ya makance bara. In ta tafi, wa zai ja masa gora?

"Karanta mana," in ji shi.

Ta haɗiye kuka. "Baba, sun ce ban iya ba."

Sai ya laluba ƙarƙashin keken ɗinkinsa, ya jawo sababbin takalman ƙwallo.

"Tun da safe akawun gidan waya ya karanta mini ita. Idona ne ya mutu, Adunni, ba ƙafarki ba. Gobe jirgin ƙasa zai tashi."