Ƙusa a Aljihu

Saura mako guda auren Nunziata, uwar ango ta aiko da sharaɗi. Uwar angon, Donna Serafina, ta ce muddin mutumin nan mai farar ƙafa ya shiga coci ranar, za ta ja hannun ɗanta su fice, ko da fada, limamin cocin, yana tsakiyar addu'a. Ba ta faɗi sunansa ba. A garinmu ba a faɗa, don faɗar ma jawo masifa ce.

Mu fa wayayyu ne, in ka tambaye mu. Muna karanta jarida, muna musun siyasa a shagon kofi, muna yi wa mutanen kan dutse dariyar camfi. Amma a ambaci mutuwa, ko wani ya yaba maka abu fiye da kima, sai ka ga kowane hannu ya faɗa aljihu yana lalubar ƙusa ko mabuɗi, wai taɓa ƙarfe ke korar sharri. Ni Prospero mai aski ban yarda da wannan shirmen ba. Almakashi ne kawai ba na son ajiyewa.

Uban amarya shi ne maƙerin garin, Maƙeri kowa ke ce masa. Mutum ne mai fara'a da sakin baki, ba ya wuce gonar zaitun ko jariri bai tsaya ya sa albarka ba. Rabin ƙusoshin da ke aljihunmu daga maƙerarsa suka fito. Yakan yi alfahari cewa ko shagon kofi ya cika maƙil, ana bar masa teburinsa.

Da matarsa Addolorata ta gaya masa sharaɗin, sai ga shi a shagona kamar zai ci babu. Ya zauna, na shafa masa kumfa.

"Prospero, duk wani kai na garin nan ta hannunka yake bi. Wane ne?"

Na ce masa ya sani ba a faɗa. Ya shiga lissafo mutane da kansa: tsohon mai haƙa kabari, magatakarda mai baƙin tabarau, gwauron da ke kiwon kuliyoyi. Ya ce shekara talatin yana jin labarin la'anannen, wai saboda shi ƙanƙara ta cinye inabi, saboda shi rijiya ta ƙafe, amma ba wanda ya taɓa nuna masa shi. Garin sauri na yanke shi a haɓa.

"Dubi yadda ka tsorata," in ji shi. "Kunya ba ta kama ka, ƙato da kai?"

Ta kama ni. Na goge masa jinin.

Addolorata ce ta samo mafita. Ta ce wanda ya yi rayuwarsa cikin ƙarfe shi kaɗai zai iya tare irin wannan mutum. Maƙeri ya tsaya a bakin ƙofar coci da takalmin doki na ƙarfe a hannu daga farko har ƙarshe, ƙaninta ita Addolorata ya raka amarya gaban fada.

Maƙeri ya dubi Nunziata. 'Yarsa ke nan guda ɗaya, kuma tun bara ya ɗinka kwat saboda wannan rakiyar. Nunziata ta fashe da kuka, ta ce a fasa auren. Shi ya tsawata mata.

"Ke, rakiya taku ashirin ce. Aure kuwa na har abada ne."

Ranar ta zo da zafi mai tsanani. Ya tsaya cikin sabuwar kwat ɗinsa, gumi na bin wuyansa, yana ƙare wa kowa kallo. Muka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya muna taya shi murna, kanmu a ƙasa. Aka rufe ƙofa. Waƙa da alkawarin aure duk ta bayan katako ya ji su, in ma ya ji.

Komai ya tafi lafiya, ko kyandir bai mutu ba. Da aka buɗe ƙofa ana watsa wa ango da amarya shinkafa bisa al'ada, amarya ta saki hannun ango ta rungume ubanta da hannu biyu, ta ƙi saki. Ban taɓa jin na raina kaina kamar lokacin ba.

Da mutane suka ragu ya jawo ni gefe, idonsa jawur amma yana murmushi.

"Tsakaninka da Allah, aboki, mutumin ya zo kuwa?"

Na ce ya zo, amma bai wuce bakin ƙofa ba. Ya daki kafaɗata, ya tafi wurin biki yana taƙama.

Ban yi masa ƙarya ba. Ya rasu shekara tara ke nan, ya tafi bai sani ba, ni kuma wayayye ga shi na kawo ƙarshen labarinsa ban iya rubuta sunansa ba.