Kyauta Da Babban Baƙi

Tun da Barau ya sayi sabuwar wayar nan take ba shi kunya a gaban abokan cinikinsa. Ya rubuta gero, ta mayar da shi "zero". Ya rubuta riɗi, ta ce "ride". Ranar da wani dillali a Gagarawa ya kira shi yana dariya, yana tambayar buhu nawa na zero zai loda, ranar ya haƙura.

Da safiyar Alhamis ya cire layi ɗaya ya sa a ƙaramar wayarsa, ya miƙa wa matarsa babbar.

"Malama, in kin taso daga makaranta ki biya da ita wurin Abdulfatah na bakin tasha. Ya kashe mini wannan shisshigin nata."

Ya hau babbar motarsa ya nufi kasuwar Maigatari.

Malama yake ce mata. Shekara bakwai da aurensu, Asama'u ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba, don sunan mahaifiyarsa ne. Barau ba mai yawan magana ba ne. In girki ya yi daɗi, ya cinye. In ta yi kwalliya, ya duba agogo.

A ofishin malamai, lokacin hutun tara, ta tuna ba ta yi wa yayarta godiyar turaren da ta aiko mata daga Ɗanzomo ba. Tata wayar babu kati, sai ta ɗauki tasa. Ta rubuta, "Na ga kyauta, na gode."

Wayar ta mayar da kalmar Kyauta, da babban baƙi.

Ta goge ta sake. Kyauta. Ta gwada "turare", ya zauna yadda yake. Ta gwada "godiya", ba a taɓa shi ba. Wannan kalma ɗaya ce wayar ta tsaya kai da fata sai ta girmama.

Asama'u Hausa take koyarwa a aji huɗu. Ita ce kullum take faɗa wa yara cewa a tsakiyar jimla, suna ne kawai ke ɗaukar babban baƙi.

A saman madannan akwai ɗan layin da wayar ke kawo kalmar da take zaton za a rubuta gaba. Ta rubuta "ina kewar", sai ga Kyauta ta fito da kanta. Ta rubuta "atamfar". Kyauta. Ta rubuta sunan ta tsaya, wayar ta miƙo mata kalma uku: zazzaɓi, asibiti, sauƙi.

Wato watan jiya, da take kwance ana ƙara mata ruwa, yana fita waje kowane lokaci da waya a hannu, akwai wata marar lafiyar da yake jinya.

Ta nemi buɗe hirarrakinsa, suka nemi zanen yatsarsa. Ta shiga jerin lambobi ta rubuta Asama'u. Babu. Ta rubuta Malama, sai wata mai sayar da fura ta fito. Mutumin da bai iya ce mata sannu da kwalliya ba, ashe ya iya rubuta kewa. Ita kuwa ko gurbi ba ta da shi a wayarsa.

Ba ta san abin da ta koyar a darasin ƙarshe ba. Tana rubutu a allo tana zana matar a ranta: doguwa, 'yar Damagaram mai yiwuwa, mai shagon abinci a bakin iyaka, mai dariya da wushirya. Aka tashi, ta je gida ta zuba kaya kala uku a jaka, ta ɗauki 'yarta Ummi daga maƙwabta ta goya. Motar Ɗanzomo a tasha take, shagon Abdulfatah ma haka.

Abdulfatah ya gyara zaman tabarau ya karɓi wayar. Ya shiga saiti, ya kashe abin da ke gyara rubutu da kansa, ya kashe na ɗora babban baƙi, ya sauko da madannan Hausa masu ƙ da ɗ.

"Shi ke nan, Malama. Gero ya koma gero."

"Wannan fa?" Ta nuna masa kalmar. "Ita ma kuskuren waya ce?"

Ya ɗan sosa gemu.

"Gaskiya waya ba ta ƙirƙira. Abin da mai ita ya saba rubutawa take koya. Sunaye kuma daga jerin lambobi take ɗauka."

"Duba mini."

"Malama, wannan tsakaninki da maigida ne."

"Don Allah, Malam Abdulfatah. Duba mini."

Ya duba. Sunan yana nan, shi kaɗai aka sa wa tauraro, a can sama da na kowa, har da na mahaifiyarsa.

Kwandasta yana ta kiran Sule Tankarkar, Ɗanzomo, saura mutum biyu. Ta san ya kamata ta ajiye wayar ta tafi da mutuncinta. Amma ba za ta bar Gumel ba sai ta ji muryar da ta fi tata. Ba za ta yi zagi ba. Za ta ce mata kawai, ga shi nan na bar miki.

Ta fizge wayar ta danna sunan, ta kafa ta a kunne, idonta a rufe.

Kira ya shiga.

A ƙasan jakar kayanta, tsakanin zannuwan da ta ninke, wayarta ta fara ƙara.